Ƙin cin abinci da amai a macizan da ake kiwo

Ƙin cin abinci da amai matsaloli ne guda biyu da suka fi samun macizan da mutane suke ajiyewa, ko a gida domin sha'awa, ko a gidan namun daji, ko a cibiyoyin bincike, ko a hannun masu wasa da maciji. Ƙin cin abinci shi ne maciji ya daina karɓar abin da ake ba shi har na tsawon makonni ko watanni. Amai kuwa shi ne ya dawo da abin da ya haɗiya ta baki kafin ya gama narkewa. An fi sanin waɗannan matsaloli a jikin macijin masara na ƙasar Amurka da ƙaramar mesa ta Afirka ta Yamma, saboda suna cikin macizan da aka fi kiwo a duniya.

Ko da yake ana yawan ambaton su tare, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Lafiyayyen maciji yakan daɗe bai ci ba kuma babu abin da yake damunsa. Amai kuwa, in ban da a wasu 'yan nau'o'i, alama ce ta cewa akwai abin da ya lalace, ko a jikin macijin ko a wurin da aka ajiye shi. Galibi tushen matsalolin biyu shi ne zafi ko sanyin mazaunin, domin maciji ba ya iya narkar da abinci sai da ɗumin da ya samu daga waje. Wannan ya sa yanayi irin na Dutse da tsakiyar jihar Jigawa, mai sanyin hunturu da tsananin zafin bazara, yake da tasiri kai tsaye a kan cin abincin duk macijin da aka tsare.

Macijin masara

Macijin masara, wanda a kimiyyance ake kira Pantherophis guttatus, ba shi da dafi. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, daga jihar New Jersey zuwa Florida. Masanin halittu Carl Linnaeus ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1766. Tsawon babba yakan kama daga santimita 60 zuwa kusan 180. Launinsa ruwan goro ne ko ja-ja, da manyan ɗigo-ɗigo masu baƙin gefe a gadon baya, cikinsa kuma fari da baƙi. Ana danganta sunansa da abu biyu: yawan samunsa kusa da rumbunan masara inda yake farautar ɓeraye, da kuma kamannin zanen cikinsa da ƙwayoyin masara masu launi-launi.

Yana kashe abin da zai ci ne ta hanyar naɗe shi ya matse, kamar yadda mesa take yi. Manya suna cin ɓeraye da tsuntsaye da ƙwansu, ƙanana kuma sun fi cin ƙananan ƙadangaru da kwaɗi. A daji yakan rayu shekara 6 zuwa 8, amma a hannun mai kiwo yana iya wuce shekara 20. Saboda sauƙin halinsa da matsakaicin girmansa, shi ne macijin da ake yawan shawartar sabon mai kiwo ya fara da shi a Turai da Amurka. Babu shi a dazukan Afirka. Duk wanda aka gani a Najeriya shigo da shi aka yi.

Macizan da ake ajiyewa a yankin Dutse

Dutse ita ce babban birnin jihar Jigawa tun da aka ƙirƙiri jihar daga tsohuwar jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Garin ya samo sunansa daga duwatsun da suka kewaye shi. Irin waɗannan duwatsu, da ake samu har zuwa Birnin Kudu da Gwaram, suna da koguna da tsaguwa waɗanda macizai suke fakewa a ciki. Ɗaya daga cikin duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da ma sunansa Dutsen Mesa. Daga cikin macizan da aka sani a wannan yanki akwai mesa, da kasa, da kububuwa, da kumurci, da gamsheƙa.

Kiwon maciji a ɗaki domin sha'awa ba al'ada ba ce da ta yaɗu a ƙasar Hausa. Waɗanda aka fi sani da ajiye macizai su ne gardawa masu wasa da maciji, waɗanda suke zaga kasuwanni da garuruwa da macizansu a cikin akwati ko ƙwarya ko buhu, suna wasa suna kuma tallan magani. Sai gidajen namun daji, irin su Gidan Zu na Audu Bako da ke Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970. Sai kuma masu bincike a kan dafi. Maganin saran maciji na EchiTAb, wanda aka yi musamman domin Najeriya, da dafin macizan ƙasar nan ake haɗa shi, kuma ba a samun dafin sai an riƙe macizan da rai da lafiya ana tatsarsu lokaci zuwa lokaci. Don haka sanin dalilin da ya sa maciji yake ƙin ci ko yake amai bai tsaya ga masu sha'awa kaɗai ba. Ya shafi samar da magani ga manoma da makiyayan da maciji yake sara, matsalar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a shekarar 2017.

Ƙaramar mesa, wadda a kimiyyance ake kira Python regius, ita ce macijiyar Afirka ta Yamma da ta fi shiga kasuwar kiwo ta duniya. Ana fitar da ita da yawa daga Ghana da Togo da Benin. Tana ɓuya a ramukan ɓeraye da tsofaffin suri, idan kuma ta tsorata sai ta dunƙule ta ɓoye kanta a tsakiya. A wurin masu kiwo ta yi suna wajen ƙin cin abinci na watanni.

Yadda maciji yake narkar da abinci

Maciji ba ya tauna. Yana haɗiye abin da ya kama ɗungurungum, yawanci ta wajen kai, domin ƙasusuwan muƙamuƙinsa ba a manne suke ba, jijiyoyi masu talewa ne suka haɗa su. Abincin yakan bi dogon maƙoshi ya isa tumbi, inda ruwan asid mai ƙarfi yake narkar da nama har da ƙashi. Gashi da gashin tsuntsu da farata su ne suke fita a cikin kashi.

Tsakanin ci da ci, kayan cikin maciji a kwance suke kamar murhun da aka kashe. Binciken da Stephen Secor da Jared Diamond suka yi a shekarun 1990 a kan mesar Bama ya nuna cewa da zarar ta haɗiyi abinci, tumbinta yakan fara zubo da asid, hanjinta ya ƙara nauyi sosai cikin kwana ɗaya ko biyu, yawan iskar da jikinta yake amfani da ita kuma ya ninka sau da yawa. Bayan an gama narkewa sai komai ya koma yadda yake. Wannan tsari ne yake ba maciji damar daɗewa bai ci ba, amma kuma yana nufin cewa kowane ci babban aiki ne da yake cin ƙarfin jiki.

Maciji yana cikin dabbobin da ake kira masu sanyin jini, wato jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa kamar na mutum ko akuya. Zafin jikinsa yana bin zafin wurin da yake. A daji, idan ya ci sai ya nemi dutse mai ɗumi ko hantsi ya kwanta, idan zafi ya yi yawa ya koma rami. Sinadaran da suke narkar da abinci ba sa aiki da kyau cikin sanyi, alhali ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanjin ɓeran da aka haɗiya suna ci gaba da ruɓar da shi. Idan ruɓewa ta riga narkewa, gawar takan kumbura da iska a cikin macijin, dole ya amayar da ita ko ta kashe shi. Wani bincike da aka yi a Faransa a kan wani maciji mai dafi na Turai, Vipera aspis, ya nuna cewa a digiri 10 na ma'aunin Celsius macizan sun amayar da duk abin da aka ba su.

Dalilan ƙin cin abinci

Wasu dalilan na ɗabi'a ne, ba sa bukatar magani.

Saɓa: Kwanaki kafin maciji ya yi saɓa, fatarsa takan dusashe, idanunsa su yi hazo kamar an shafa musu madara. A wannan lokaci ba ya gani sosai, yakan ɓuya ya ƙi ci. Bayan ya tuɓe saɓar yakan koma ci.

Lokacin barbara: Namijin macijin masara yakan bar ci na makonni yana ta zagaye a cikin akwatinsa yana neman mace. Macen da take ɗauke da ƙwai ita ma takan ƙi ci idan ta kusa nasawa, domin ƙwan sun cika mata ciki. Mesa takan naɗe ƙwanta ta kwanta a kansu wata biyu zuwa uku ba ta cin komai.

Sanyin shekara: A ƙasarsa ta asali macijin masara yakan lafa a lokacin sanyi, ya rage motsi ya daina ci. Ko a cikin ɗaki wasu sukan rage ci idan rana ta gajarta.

Sabuwar ƙyanƙyasa: Ɗan macijin da ya fito daga ƙwai yana ɗauke da sauran gwaiduwa a cikinsa. Ba ya fara ci sai bayan saɓarsa ta farko, wato kamar mako ɗaya zuwa kwana 10.

Wasu dalilan kuma daga kulawa suke.

Rashin daidaiton zafi: Shi ne dalilin da ya fi yawa. Maciji yakan ƙi karɓar abincin da jikinsa ba zai iya narkarwa ba.

Tsoro da takura: Sauya wuri, yawan ɗauka, hayaniya, rashin maɓoya, ko haɗa macizai biyu a akwati ɗaya duk suna hana ci. Macijin da aka kamo daga daji ya fi fama da wannan, wani ma har ya mutu bai taɓa karɓar abinci a hannun mutum ba.

Nau'in abinci: Maciji yana gane abinci ne da ƙamshi, ta hanyar harshensa mai reshe biyu da yake kai ƙamshin ga wata gaɓa a dasashinsa na sama. Wanda ya saba da ƙadangare yana iya ƙin ɓera. Ƙaramar mesa da aka kamo daga daji takan ƙi farin ɓeran da ake kiwo, ta karɓi irin ɓeran dawar da ta saba da shi.

Raunin baki: A ƙasashe kamar Indiya da Maroko an san wasu masu wasa da maciji da cire haƙoran dafi, ko ma ɗinke bakin macijin. Irin wannan rauni yakan zama gyambo a baki, macijin ya kasa kamu da haɗiya, ya yi ta ramewa har ya mutu. Cire haƙoran kuma ba ya kawar da haɗari, domin sababbi suna tsirowa.

Nau'o'in macizai sun bambanta wajen jure yunwa. Masu kwanton ɓauna irin su kasa da mesa, waɗanda suke kwanciya wuri ɗaya su jira abinci ya zo, sukan yi watanni ba su ci ba. Masu yawon farauta irin su kumurci da macijin masara sun fi saurin ramewa. Haka kuma babban maciji mai ƙiba ya fi ƙarami juriya nesa ba kusa ba. Saboda haka ba yawan kwanakin ake dubawa ba, nauyin jiki ake dubawa. Macijin da ya ƙi ci amma nauyinsa bai sauka ba, yana motsi yana fitar da harshe, galibi lafiyarsa ƙalau. Wanda ƙashin bayansa ya fito ya yi tsini, fatarsa ta yi laushi ta tattare, ko ya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, yana bukatar likitan dabbobi.

Amai

Likitocin dabbobi sun kasa dawo da abinci gida biyu. Na farko shi ne wanda abincin yake dawowa daga maƙoshi jim kaɗan bayan haɗiya, bai fara narkewa ba, kamar tumbiɗin jariri. Ɓeran yakan fito kusan yadda ya shiga, sai dai yauƙi da ya lulluɓe shi. Na biyu shi ne amai na sosai, wanda yake fitowa daga tumbi bayan kwana ɗaya zuwa uku, abincin ya fara narkewa yana wari ƙwarai. Na farko an fi danganta shi da tsoro ko girman abinci, na biyu kuma da sanyi ko cuta. Ana bambanta amai da kashi ta hanyar duba farin dunƙule mai kama da alli, wanda shi ne fitsarin maciji kuma tare da kashi yake fita.

Manyan dalilan amai su ne: ɗaukar maciji ko girgiza akwatinsa kafin kwana biyu da ci, sanyi ko zafin da ya wuce kima, abincin da ya fi ƙarfin macijin, ba shi abinci a kai a kai kafin na baya ya narke, ruɓaɓɓen abinci ko wanda cikinsa yake da sauran ƙanƙara, ƙishirwa, haɗiye yashi ko dusar katako tare da abinci har su toshe hanji, da kuma cututtuka.

Amai yana galabaitar da maciji fiye da yadda yake yi wa mutum. Jikinsa ya riga ya kashe ƙarfi wajen tayar da kayan ciki, ga shi bai samu komai ba. Yana asarar ruwa da asid, asid ɗin kuma yana ƙona maƙoshi a hanyar fita, farata da haƙoran ɓeran suna iya yagar sa. Idan aka sake ba shi abinci kafin ya warke, yakan sake amayarwa, kowane amai kuma ya fi na baya raunana shi. Ƙaramin maciji yana iya mutuwa bayan amai biyu ko uku a jere.

Aman da ba cuta ba

Akwai yanayi biyu da amai yake cikin ɗabi'ar maciji. Na farko shi ne na kare kai. Mesar da ta haɗiyi ɗan akuya ko gada takan yi nauyi ta kasa gudu, idan mutane ko karnuka suka taso mata sai ta amayar da abin domin ta samu sauƙin tserewa. Wannan ɗabi'a ce take sa macijin gida ya yi amai idan aka ɗauke shi yana ƙoshe, domin a wurinsa hannun mutum da bakin maƙiyi duk ɗaya ne.

Na biyu shi ne na maciji mai cin ƙwai, na jinsin Dasypeltis, wanda ake samu a ƙasashen Sahel da dazukan Afirka ta Yamma har da arewacin Najeriya. Ba ya cin komai sai ƙwan tsuntsaye. Yakan haɗiyi ƙwan da ya fi kansa girma, wasu tsinin ƙashi da suka fito daga ƙashin bayansa zuwa cikin maƙoshi su fasa shi, ya shanye ruwan, sannan ya tofar da ɓawon a dunƙule. Ba shi da dafi, haƙoransa ma ba su taka kara sun karya ba, amma zanensa da yadda yake goga jikinsa yana fitar da sauti sun yi kama da na kububuwa, shi ya sa ake yawan kashe shi bisa kuskure. Idan lokacin ƙwan tsuntsaye ya wuce yakan yi watanni bai ci ba.

Tasirin yanayin Dutse

Macijin masara yana bukatar akwati mai ɓangare biyu: ɓangaren ɗumi mai kimanin digiri 28 zuwa 30, da ɓangaren sanyi mai kimanin digiri 22 zuwa 25, domin ya riƙa zaɓar inda ya dace da shi. Ƙaramar mesa tana son ɗumin da ya ɗan fi haka. Yawancin bayanan kiwon macizai an rubuta su ne domin ƙasashe masu sanyi, inda damuwar mai kiwo ita ce samar da ɗumi. A Dutse da kewayenta lamarin yana sauyawa da lokutan shekara.

A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, dare yakan yi sanyi har ƙasa da digiri 15, ga busasshiyar iska da ƙura. Macijin da aka ciyar da yamma ya kwana a kan daɓen siminti yana iya amai bayan kwana biyu. Bushewar iska kuma tana hana saɓa fita gaba ɗaya, ta bar saura a ido da wutsiya, wanda shi ma yake hana ci.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. A lokacin babu sauran ɓangaren sanyi a cikin akwati. Maciji ba ya gumi, ba shi da hanyar sanyaya jikinsa sai sauya wuri. Na daji yakan shige rami ko ƙarƙashin dutse, na cikin akwati kuwa ba shi da mafita. Zafin da ya wuce digiri 35 na tsawon sa'o'i haɗari ne ga macijin masara: yakan daina ci, ya amayar da abin da ke cikinsa, idan kuma aka bar akwatin gilashi ko buhu a rana yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Ana rage wannan ta ajiye akwatin a ƙasa a ɗaki mafi sanyi, da sa masa tukunyar ƙasa mai damshi ya shiga, da kwanon ruwa mai faɗi, da kuma dakatar da ciyarwa a ranakun da zafi ya tsananta.

A damina, daga Yuni zuwa Satumba, zafi yakan sauka kuma abinci ya yawaita a daji, shi ne lokacin da macizan yankin suka fi fitowa da ci. Matsalar akwati a lokacin ita ce jiƙewar shimfiɗa, wadda take jawo ruɓewar fatar ciki da ciwon numfashi.

Ɗaukewar wutar lantarki tana ƙara wata matsala. Na'urar ɗumama akwati takan mutu a tsakiyar daren hunturu, ɓerayen da aka daskarar a firiza kuma su narke su sake daskarewa. Naman da ya yi haka ya fara lalacewa ko da ido bai gani ba.

Cututtuka

Idan zafi da abinci da kulawa duk sun daidaita amma matsalar ta ci gaba, ana zargin cuta.

Cryptosporidium serpentis wata ƙwayar cuta ce da ba a gani da ido, wadda take kama bangon tumbi ta sa ya yi kauri. Macijin yakan yi amai kwana kaɗan bayan kowane ci, tsakiyar jikinsa ta kumbura ta yi tauri, sauran jikin kuma yana ramewa. An fi ganinta a macijin masara da danginsa. Tana yaɗuwa ta kashi da amai, tana jure yawancin magungunan wanke-wanke, kuma babu maganin da aka tabbatar yana kawar da ita gaba ɗaya.

Entamoeba invadens tana kama hanji da hanta, tana jawo ƙin ci da amai da kashi mai jini, kuma tana saurin kisa a inda aka tara macizai da yawa. Tsutsotsin ciki suna da yawa a macizan da aka kamo daga daji. Gyambon baki yana zuwa da kumburi da mugunya da yauƙi. Ciwon numfashi yana sa maciji ya riƙa buɗe baki yana fitar da majina. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai kama da ƙaramar kaska, Ophionyssus natricis, da yake shan jini a ƙarƙashin ɓawon fata. Macijin da yake da shi yakan yini a cikin kwanon ruwa. A mesa da danginta akwai wata cutar bairas da take haɗa amai da karkacewar kai da kasa juyawa, ita ma ba ta da magani.

Ana gano yawancin waɗannan ta gwajin kashi ko aman a ɗakin gwaje-gwaje, wani lokaci da hoton ciki. Asibitocin dabbobi na jihohi sun fi mayar da hankali ga shanu da awaki da kaji, don haka irin wannan bincike an fi samunsa a asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Kulawa da rigakafi

Ana ciyar da ƙaramin macijin masara duk kwana 5 zuwa 7, babba kuma duk kwana 10 zuwa 14. Kaurin abincin kada ya wuce kaurin tsakiyar jikin macijin da rabinsa. Sabon maciji ana barinsa kamar mako ɗaya ba a taɓa shi kafin a fara ba shi abinci, kuma ana ware shi daga sauran macizai na watanni kafin a tabbatar da lafiyarsa. Bayan ci ba a ɗaukarsa sai an kwana biyu. Daskararren ɓera ana narkar da shi gaba ɗaya a ɗumama shi cikin ruwan ɗumi. Ba a barin rayayyen ɓera ya kwana da maciji, domin idan macijin bai da niyyar ci ɓeran yakan cije shi ya yi masa mummunan rauni.

Ga macijin da ya ƙi ci, matakin farko shi ne auna zafin akwatin da ma'aunin zafi, dare da rana, ba da tafin hannu ba. Sai a tabbatar yana da maɓoya a ɓangarorin biyu, a rage taɓa shi, a gwada ba shi abinci da daddare, ko ƙarami, ko wanda aka shafa wa ƙamshin abin da ya saba ci. Ba a miƙa masa abinci kullum, ana barin kwanaki tsakanin gwaji da gwaji. Ɗura ita ce mataki na ƙarshe, kuma ƙwararre ne yake yinta, domin tana iya fasa maƙoshi ko ta jawo amai.

Ga wanda ya yi amai, ana kwashe aman a wanke wurin, a ba shi ruwa mai tsafta, a gyara zafin akwatin, sannan a bar shi kwana 10 zuwa 14 babu abinci. Bayan haka a ba shi abin da bai wuce rabin na da ba, a riƙa ƙarawa a hankali. Idan ya sake amai, ko aka ga jini, ko kumburi a tsakiyar jiki, sai a kai shi wurin likita. Rubuta ranar ci da ranar saɓa da nauyin macijin a littafi yana taimaka wa likita ƙwarai.

Lafiyar mai kiwo da doka

Macizai da ɓerayen da ake ba su suna ɗauke da ƙwayar Salmonella mai sa gudawa da zazzaɓi, don haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa su wajibi ne, kuma ba a wanke kwanonsu a inda ake wanke kwanukan abinci. Kama ɓerayen gida ko na rumbu domin ciyar da maciji yana da haɗari biyu. Ɓeran da ya ci maganin ɓera yana iya kashe macijin. Sannan ɓeran Mastomys natalensis, wanda yake da yawa a gidaje da gonakin Najeriya, shi ne yake ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a shekarar 1969. Macizai masu dafi kuwa, rashin ci ba ya rage musu dafi, kuma lokacin ciyarwa yana cikin lokutan da suka fi saran masu kula da su.

Mesa da ƙaramar mesa suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya tana cikin yarjejeniyar. A cikin gida an kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a shekarar 1985, aka kuma yi mata gyara a 2016. Macizan da aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo sun fi saurin karɓar abinci kuma sun fi ƙarancin tsutsar ciki a kan waɗanda aka kamo daga daji, sannan barin na daji a mazauninsu yana rage ɓerayen da suke cinye hatsi a gona da rumbu.